Ƙashin Bayan Itace

Duk wanda ya yi 'yan shekaru a aikin jarida ya san takardar da muke bugawa a kanta ba ta da tsawon rai. Ka ajiye jarida a bakin taga, kafin mako ya zagayo ta soma sauya launi. Ka bar ta shekara ashirin a cikin kwali, ka tarar ta koma ruwan ƙasa, gefenta yana marmashewa a hannu. Alhali a gidajen malamai na Kano da Sakkwato da Katsina akwai littattafan da aka rubuta da hannu tun ƙarni na 19, a kan takardar nan mai alamar jinjirin wata uku da fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da ita daga masana'antun Italiya, kuma har gobe ana buɗe da yawansu ana karantawa. Ban da albarkar abin da ke rubuce a ciki, akwai dalili na sinadari. Waccan tsohuwar takarda galibi da tsummokara aka yi ta. Ta jarida kuwa itace ne aka niƙa, bisa dabarar da wani Bajamushe mai suna Friedrich Gottlob Keller ya fito da ita a 1844, kuma niƙa ba ya raba itace da wani sinadari da ke jikinsa, wanda ake kira liginin. Shi ne yake yin rawaya idan ya sha haske da iska.

Aikin jarida na karanta a jami'a, don haka ta wannan ƙofa na fara sanin liginin: abin da ke tsofar da aikinmu. Daga baya, da na bi sawunsa cikin rahotannin masu bincike, na tarar da labarin da ya fi wannan girma nesa ba kusa ba. Labari ne na dukiyar da ɗan'adam yake ƙonawa tan miliyoyi a kowace shekara saboda ya rasa yadda zai kwance ta, da kuma mutanen da a yanzu suke ƙoƙarin ɗora wa ƙwayoyin bakteriya wannan aiki.

Mu fara da abin da yake yi a jikin tsiro. Wanda ya taɓa kallon maginin gargajiya yana kwaɓa ƙasa da ciyawa ya riga ya fahimci rabin zancen. Ciyawar ce ke hana katanga tsagewa, ƙasar ce ke ba ta nauyi da tsayuwa. A bangon kowace ƙwayar halittar itace, selulos ne ke matsayin ciyawa, dogayen zaruruwa masu ƙarfin ja. Liginin kuwa shi ne ke cike tsakaninsu ya ƙame. Yana kuma yin aikin da makuba ke yi wa bango, domin shi ne ke hana ruwa yoyo daga siraran hanyoyin da ke ɗauke da shi daga saiwa zuwa ganye. Ba don shi ba, da babu bishiyar da za ta miƙe sama, da duk tsiron duniya yana kwance a ƙasa kamar gansakuka. Yakan kai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na nauyin busasshen itace, kuma in ka cire selulos, babu wani sinadarin gini da tsirrai suke ƙerawa da yawa kamarsa. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwizalan, Augustin de Candolle, shi ya raɗa masa suna a 1813, daga kalmar Latin mai nufin itace.

Abin da ya sa ya zama ƙarfen ƙafa shi ne yadda aka ƙulla shi. Selulos kamar carbi yake: ƙwaya iri ɗaya ce, sukari, an jera ta dubbai da ɗauri iri ɗaya. Wanda ya iya kwance ɗauri guda ya iya kwance duka. Liginin ba haka yake ba. Tsiro yana ƙera tubala iri uku, ya tura su bangon ƙwayar halitta, ya zaburar da su, sannan ya ƙyale kowanne ya kama wanda ya ci karo da shi ta gefen da ya samu. Babu wani zane da ake bi. Abin da ke fitowa sarƙaƙiya ce mai ɗauri iri-iri, ta bishiyar fir daban, ta dalbejiya daban, ta karan dawa daban, kai har a bishiya guda ta reshe ba lalle ta yi daidai da ta gindi ba. Wannan hargitsi kariya ce. Ƙwaro ko funfuna da ke son sukarin da ke ɓoye a ciki zai tarar da ƙofa mai kwaɗo dubu, kowanne da irin makullinsa.

To amma kowane tubali daga cikin ukun nan yana ɗauke da wani zobe na ƙwayoyin kabon shida, kuma wannan zobe shi ne idon masana'antar sinadarai. Daga gare shi ake gina magunguna da rini da robobi da turaruka da magungunan ƙwari. A yau kusan dukansa daga ɗanyen mai da kwal ake samo shi. Liginin shi ne rumbu mafi girma na wannan zobe da ke sake tsirowa kowace damina. Ga ƙoshi, ga kwanan yunwa.

Masu yin takarda mai kyau ba su taɓa ɗaukar liginin a matsayin dukiya ba. Abin kawarwa ne. Hanyar da ta mamaye duniya ita ce wadda Carl Dahl ya ƙirƙiro a 1879, wadda ake kira kiraf: a dafa gutsattsarin itace cikin ruwan soda mai ƙarfi da sinadarin farar wuta, a zafin da ya kai wajen digiri 170, har liginin ya narke ya bar zaren. Abin da ya narke yakan fito baƙi ƙirin, mai kauri da wari, su kansu masu sana'ar baƙin ruwa suke ce masa. A farkon shekarun 1930 wani injiniya ɗan Kanada, George Tomlinson, ya ƙera tukunyar da ke ƙona wannan baƙin ruwa, ta ba masana'anta tururi da lantarki, ta kuma dawo mata da sinadaran dahuwa don a sake amfani da su. Tun daga nan makomar liginin ta zama wuta. Ƙididdigar da aka fi ambata ita ce tan miliyan 50 zuwa 70 a shekara, kuma abin da ake cirewa a sayar don wani amfani daban bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba. Akwai tsohuwar ba'a a tsakanin masu wannan fanni, cewa babu abin da ba za ka iya yi da liginin ba sai kuɗi.

Akwai abin da ya kusa ƙaryata ba'ar, shi ne banilin, sinadarin da ke ba banila ƙamshinta, wanda kuke ji a kek da askirim da biskit. Tsiron banila na gaske, wanda Madagaska ta fi kowa nomawa, bai kai ya samar da ko kashi 1 cikin ɗari na banilin da duniya ke sha ba. Tun 1874 Jamusawa biyu, Ferdinand Tiemann da Wilhelm Haarmann, suka haɗa shi daga wani sinadari na bishiyar fir, kuma daga shekarun 1930 aka shiga cire shi daga ragowar ruwan masana'antun takarda. A 1981 masana'anta guda a garin Thorold na lardin Ontario a Kanada ita ke samar da kashi 60 cikin ɗari na banilin haɗi na duniya. Sai dai aikin yana barin gurɓataccen ruwa mai yawan gaske, ga kuma hanyar man fetur ta zo da araha, masana'antun suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi saura da sunansa shi ne kamfanin Borregaard da ke Sarpsborg a Norwe, wanda ke yin banilin daga itace tun 1962. Darasin da ke cikin wannan tarihi na lissafi ne. Duk banilin da duniya ke buƙata a shekara bai kai tan 50,000 ba, liginin kuwa miliyoyi ne. Abu mai tsada kasuwarsa ƙarama ce, abu mai babbar kasuwa kuwa mai ya riga ya karya farashinsa. Duk wanda ya shiga wannan fage tsakanin waɗannan duwatsu biyu yake tafiya.

Amma ai itace yana ruɓewa a daji. Wani yana cin liginin ke nan.

Manyan masu wannan aiki wasu dangin naman kaza ne da ke barin ruɓaɓɓen itace fari fat, domin sun cinye liginin sun bar selulos. A 1983 Ming Tien da Kent Kirk, a cibiyar binciken kayan daji ta gwamnatin Amurka da ke Madison, suka gano enzayim ɗin da ɗaya daga cikinsu, Phanerochaete chrysosporium, yake amfani da shi. Dabararsa ba ta neman makulli ba ce. Yana sakin sinadarai masu ƙuna da ke faɗa wa sarƙaƙiyar ta ko'ina, kamar mai cinna wa kurmi wuta maimakon ya tsaya sarar hanya. A 2012 wata tawagar masu bincike ta wallafa a mujallar Science cewa wannan baiwa ta bayyana ne kimanin shekara miliyan 300 da suka wuce, daidai lokacin da taruwar kwal a ƙarƙashin ƙasa ta ragu. Wato kwal ɗin da muke haƙowa itatuwa ne da suka faɗi a zamanin da babu mai iya ruɓar da su. Labari ne mai daɗin faɗa, kuma jaridu sun faɗe shi sosai. A 2016 wasu masana daga jami'ar Stanford suka kawo hujjar cewa burbushin wancan zamani yana nuna alamun ruɓa, kuma yanayin fadamu da motsin ƙasa ne suka tara kwal. Na biyun bai samu rabin yaɗuwar na farko ba, kamar yadda aka saba. Ko a nan kusa da mu, garar da ke gina suri mai tsayi noman irin wannan naman kaza take yi a cikin ɗakunanta, shi ke tausasa mata itacen da ta kwaso.

Naman kaza yana farfasawa, amma yana da nawa, kuma ba ya miƙa maka wani abu guda da za ka zuba a buhu. Hankalin masu bincike ya fi karkata ga waɗanda ke zuwa bayansa su tsince ɓarɓashin, wato bakteriyar ƙasa. A nan ne labarin ya fi burge ni.

Idan aka farfasa liginin, da wuta ko da sinadari, abin da ake samu gauraye ne na ƙananan sinadarai iri-iri, kowanne kaɗan. Mai haɗa sinadarai dole ya tace su ɗaya bayan ɗaya, kuma kuɗin tacewar ya fi ƙimar abin da aka tace. Bakteriya ba ta tacewa. Ta gaji hanyoyi da dama a cikinta, kowace tana karɓar wani irin ɓarɓashi tana sassaƙe shi, har dukansu su koma sinadarai biyu ko uku kacal; sannan ta fasa zoben ta cinye. Ku tuna ɗan canji a Wapa: a kawo masa dala da riyal da sefa da fam, shi dai a ƙarshen yini lissafinsa da kuɗi guda yake yi. Tawagar Gregg Beckham ta cibiyar NREL da ke Golden a jihar Kolorado ce ta yayata wannan tunani a wata takarda ta 2014, suka kwatanta shi da mazurari: baki mai faɗi, mafita guda.

Inda ilimin sake tsara halittu ya shigo shi ne wajen sarrafa wannan mafita. Mai noman rani ya san yadda ake yi: ka toshe wannan hanyar ruwa da ƙasa, ka buɗe waccan, ruwa ya tafi fangalin da kake so. Kowane mataki na narkarwa a cikin bakteriya enzayim ne ke yin sa, kowane enzayim kuma yana da ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera shi. Idan aka goge ƙwayar gadon mataki na bakwai, abin da mataki na shida ya samar zai yi ta taruwa, bakteriyar ta furzar da shi waje. Idan wata hanya ta nufi inda ba a so, sai a aro ƙwayar gado daga wata halitta a dasa, ta zama gada zuwa hanyar da ake so. Tun da an hana bakteriyar cin abin da ta sarrafa, sai a ba ta ɗan sukari ta rayu da shi. Ta zama 'yar ƙwadago ke nan.

Ƙwayoyin da ake wannan aiki da su ba a ɗakin gwaji aka ƙirƙire su ba. Tsinto su aka yi. Sphingobium SYK-6, wadda aka koyi mafi yawan abin da aka sani game da yadda bakteriya ke kwance ɗaurin liginin daga gare ta, a gurɓataccen ruwan wata masana'antar takarda a Japan aka samo ta, kuma Eiji Masai da abokan aikinsa na jami'ar fasaha ta Nagaoka sun shafe shekaru gommai suna bin enzayim ɗinta ɗaya-ɗaya tun kafin abin ya zama na yayi. Pseudomonas putida KT2440, wadda ta zama jakin wannan fanni saboda juriyarta ga guba, ita ma asalinta daga ƙasar Japan ne. Novosphingobium aromaticivorans kuwa daga can ƙarƙashin ƙasa aka haƙo ta a jihar Karolina ta Kudu.

A 2015 tawagar NREL ta nuna abin da za a iya yi da KT2440. Sun toshe hanyoyinta, sun dasa mata ƙwayar gado daga wata bakteriyar, har ta riƙa mayar da ɓarɓashin liginin wani sinadari guda mai suna asid ɗin mukonik. Shi kuma idan aka ƙara masa haidirojin sai ya koma asid ɗin adifik, ɗaya daga cikin sinadarai biyu da ake haɗawa a yi nailan, zaren da Wallace Carothers ya ƙirƙiro a kamfanin DuPont a 1935, wanda ke cikin igiyoyi da kafet da tayoyi da jakar iska ta mota. Zaɓin adifik ba a banza aka yi shi ba. Duniya tana amfani da tan miliyoyi nasa a shekara, saboda haka kasuwarsa za ta iya haɗiye liginin mai yawa. Sannan hanyar da ake yin sa daga mai tana fitar da iskar naitiros okisaid, wadda ƙarfinta na ɗumama duniya ya ninka na kabon dayokisaid kusan sau 300. A 2018 tawagar Christoph Wittmann ta jami'ar Saarland a Jamus ta bi sarƙar tun daga liginin na itacen fir har zuwa zaren nailan da za a iya riƙewa a hannu. A 2019 masu bincike a jami'ar Wisconsin suka gyara Novosphingobium ta riƙa fitar da wani sinadari da ake taƙaita sunansa da PDC, wanda za a iya yin roba da shi, kuma babu hanya mai sauƙi ta samo shi daga mai.

Daga nan ne kanun labarai suke cewa an mai da itace nailan, su wuce. Ni dai aikina ya koya mini in gangara inda alƙaluma suke. A waccan takarda ta 2015, lokacin da aka ciyar da bakteriyar da tsaftataccen sinadari guda da aka sayo a kwalba, wanda ke wakiltar liginin, ta samar da sama da giram 13 a kowace lita. Da aka ba ta ainihin ruwan liginin da aka cire daga karan masara, abin bai kai giram 1 ba. Haka ma a jami'ar Warwick ta Ingila, inda Tim Bugg da ɗalibansa suka toshe wa Rhodococcus jostii hanya a 2013 don ta tara banilin daga karan alkama: bayan kwana shida, ƙasa da miligiram 100 a lita. Masu binciken ba su ɓoye ko ɗaya ba, yana nan a rubuce. An samu ci gaba mai yawa tun daga lokacin, musamman a kan tsaftatattun sinadarai. Amma tazarar da ke tsakanin abincin kwalba da ainihin liginin ita ce zuciyar matsalar, kuma ita ce ake yawan tsallakewa idan ana ba da labari.

Dalilin tazarar a fili yake. Bakteriya ba ta da haƙori. Abin da ya yi ƙanƙanta har ya ratsa fatarta kaɗai take ci. Dole wani ya fara farfasa mata. Ga shi kuma dahuwar kiraf tana yanke ɗaurarrakin da ke da rauni, gutsattsarin su sake kama juna da ɗauri na kabon da kabon wanda ya fi na asali tauri. Wato liginin da ke fitowa daga masana'antar takarda ya fi na cikin bishiya taurin kai. Wannan ya sa wasu suka juya tsarin: a fara ciro liginin a hankali tun kafin a taɓa selulos, a kuma toshe bakin kowane guntu kafin ya kama ɗan'uwansa. Bert Sels a jami'ar Leuven ta Beljiyam da Jeremy Luterbacher a Lausanne ta Suwizalan suna cikin waɗanda suka nuna cewa ta haka za a iya mai da kusan rabin liginin na wasu itatuwa ƙananan sinadarai. Sai dai wannan yana nufin gina sabuwar masana'anta daga tushe, domin tsofaffin ba haka aka tsara su ba. Bayan wannan akwai gubar sinadaran, waɗanda idan suka yi yawa suke kashe 'yar ƙwadagon, da kuma kuɗin raba giram kaɗan na kaya daga lita guda ta ruwa.

Wasu suka ce, tun da tsiro ne ke ƙulla sarƙaƙiyar, a koma wurinsa. A 2014 John Ralph na Wisconsin da abokan aikinsa suka ɗauko ƙwayar gado daga wani tsiron magani na ƙasar Sin, Angelica sinensis, suka dasa wa bishiyar fofula. Sakamakon shi ne bishiyar ta riƙa saka wasu ɗaurarraki masu sauƙin kwancewa a tsakiyar liginin ɗinta, kamar zip a jikin riga: tana tsaye da ƙarfinta a gona, amma tana buɗewa da ɗan zafi da soda kaɗan. A 2023 masu bincike a jami'ar jihar Karolina ta Arewa suka yi amfani da almakashin gado na CRISPR suka gyara ƙwayoyin gado da dama a lokaci guda, suka samu fofula da liginin ɗinta ya ragu da kusan rabi, ko da yake a ɗakin raino aka yi gwajin. Wannan sharaɗi yana da muhimmanci, domin tarihin fannin cike yake da tsirran da aka rage wa liginin suka tsumbure, ko iska ta kwantar da su, ko ƙwari suka same su a ɓagas. Daga ɗakin gwajin Ralph ɗin ne kuma aka samu lasisin mallakar wata dabara a 2019, ta haɗa farasitamol daga wani sinadari da ke manne a jikin liginin na fofula da na kwakwar manja. Maganin ciwon kai daga itace; yau dai daga mai da kwal ake yin sa.

Ko duk wannan zai zama sana'a? A nan ina da shakka, kuma tarihin kwanan nan ne ya sa mini ita. Fatan da aka yi shi ne masana'antun da ke mai da karan masara da na alkama man itanol za su samar da liginin mai yawa, sayar da shi kuma ya cike musu giɓin riba. An buɗe irinsu da gangami a Amurka: ta Abengoa a Kansas da ta POET-DSM a Iowa a 2014, ta DuPont a Iowa a 2015. Ta farko ta tsaya a 2015, ta DuPont a 2017, ta POET-DSM ta daina samar da man a 2019. Ta kamfanin Clariant a Romaniya ta rufe a ƙarshen 2023, shekarar da Stora Enso shi ma ya rufe masana'antarsa ta Sunila a Finlan, wadda tun 2015 take cire liginin don sayarwa. Akwai kuma abin da masu kiran liginin shara suke mantawa: wutar da yake bayarwa ita ke tafiyar da masana'antar takarda. Duk tan ɗin da aka cire daga tukunya sai an biya kuɗin abin da zai maye gurbinsa.

A ganina, inda liginin zai ci gaba da samun kasuwa nan kusa wurare ne marasa ƙyalli: sinadarin da ke sassauta kwaɓin kankare, wanda an daɗe ana yi, da gam ɗin manna falankin katako, da kwalta, wadda Holan ta soma gwadawa a titunanta tun 2015. Waɗannan ba sa buƙatar a kwance sarƙaƙiyar, a dunƙule suke amfani da ita. Bakteriyar da aka gyara kuwa za ta fi samun gindin zama a inda hanyar mai take da ƙazanta har doka ta sa mata tara, kamar adifik, ko inda sinadarin sabo ne da mai ba ya bayarwa, kamar PDC. Yin gogayya da mai a kan abin da mai ya iya yi da araha, wannan kokawa ce da aka sha kaye a cikinta.

Mu fa? Baƙin ruwa dai ba mu da shi mai yawa, domin manyan masana'antun takarda uku da gwamnatin Nijeriya ta gina a Jebba da Oku Iboku da Iwopin duk sun durƙushe tun shekarun 1990, aka sayar da su daga baya. Abin da muke da shi ragowar gona ne, kuma duk rahoton da ke lissafa arzikin Afirka a wannan fanni yakan tara karan dawa da na gero da na masara ya kira su shara. Wanda ya rubuta haka bai taɓa sayen damin kara a watan Afrilu ba. Kara yana da mai shi. Da shi ake danga da rufi, da shi ake hura wuta a gidan da itace ya yi wa tsada, shi dabbobi ke ci idan rani ya tsananta, tokarsa tana shiga miya, abin da ya rage a gona kuma shi ne ɗan abin da ƙasa ke samu ta mayar da ƙarfinta. Ga manomi da makiyayi, binciken liginin da ya fi kusa da aljihunsu wani ne daban: irin dawar nan mai jijiyar ganye ruwan ƙasa, wadda aka fitar a jami'ar Purdue a shekarun 1970, mai ƙarancin liginin, wadda shanu suka fi narkar da karanta.

Ragowar da ta cancanci a duba ita ce wadda ta riga ta taru wuri guda, tun da kuɗin kwaso kara daga gonaki dubu yana cikin abin da ya wahalar da masana'antun Amurka. Akwai tuƙar rake a kamfanonin sukari na Numan da Sunti, ko da yake ita ma tukunyar tururi tana jiranta. Akwai tsibin ɓuntun shinkafa a bayan injinan casa na Kura da Argungu da Haɗeja, wanda yake da liginin mai yawa, sai dai kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa silika ne, sinadarin yashi, mai cin ƙarfen inji, kuma sai an san yadda za a yi da shi kafin a kai ga sauran. Dawa kuwa ta riga ta shiga ɗakunan gwajin Wisconsin: tana cikin tsirran da aka farfasa liginin ɗinsu aka ba Novosphingobium, ta kuma mai da shi PDC. Amma dawar da suke nomawa don wannan aiki zaɓaɓɓiya ce saboda tsawon kara, wata ma ba ta fitar da zangarniya kafin a yanke ta. Tamu kuwa tsabarta tuwo ce, kuma ana gama girbi masu kara suke shiga gona da igiyoyinsu.